Shekarar da Na Zauna a Bencin Baya

Ban taɓa ganin wawa kamar mutumin da ya yi tsammani citta za ta rufa masa asiri a gaban Allah ba, kuma wannan mutumin ubanku ne. Kun taso kuna jin ana kirana Baba Citta, kun ɗauka don ina nomanta ne. To, kowa a ƙasar nan yana noman citta, me ya sa ni kaɗai sunan ya manne wa? Ku ƙananan kuma, da jikokina, an gaya muku cewa shekarar da na daina buga ƙararrawar coci kafaɗa ce ta yi mini ciwo. Ban san wanda ya fara wannan labari ba, amma ban ƙaryata shi ba, domin ya yi mini daɗi. Kafaɗata lafiya lau take, har yau zan ɗaga buhu idan kun ƙyale ni. Na tambayi yayanku Ishaku kafin in rubuta wannan, domin labarinsa ne kamar yadda yake nawa. Ya ce in rubuta, amma kada in ƙara gishiri. Zan yi ƙoƙari.

Ni ban yi boko ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na shiga makarantar mishan ta ƙofa, na fita ta taga ranar da malami ya ɗauko bulala, kuma karatun da nake lallaɓawa da shi yanzu a ajin manya na same shi, ina da gemu. Amma Allah ya ba ni murya, ya ba ni kai mai riƙe abu. Idan aka karanta aya a kunnena, ta zauna ke nan. Da aka yi mini baftisma a rafi ina saurayi, na tsaya gaban jama'a jikina yana ɗigar ruwa, na yi alkawari na bar burkutu, kamar yadda kowa yake yi a ikilisiyarmu, kuma na riƙe alkawarin shekaru masu yawa da zuciya ɗaya. Aka ba ni ƙararrawa, wato guntun ƙarfen dogo da wani ya kawo daga Kafanchan aka rataye a bishiyar mangwaro. Daga baya aka sa ni cikin dattawan ikilisiya, ni da ban iya rubuta sunana daidai ba a lokacin, saboda addu'a. Idan wani ya kwanta ciwo, ni ake aikowa a kira. In durƙusa kusa da kan mara lafiya, in riƙe hannunsa, in yi magana da Allah kamar yadda nake magana da maƙwabci ta kan danga. Ba yabon kaina nake yi ba, ina so ne ku san abin da na zubar.

Abin ya fara a gonar kawuna, ƙanen tsohuwata, wanda bai taɓa shiga coci ba har ya mutu. Lokacin rufe citta ne, farkon damina, sa'ad da ake yankan ciyawa a ɗauko a ka a shimfiɗa kan shuka don kada rana ta ƙone ta. Ya kira gayya, na je, domin kawu ne. A gayyar mutanen coci kunu ake kawowa. A ta kawu tulun burkutu aka sauke a inuwa. Rana ta take, maƙogwaro ya bushe, ƙaiƙayin ciyawa ya cika mini wuya. Kawu ya miƙo mini ƙwarya.

"Ɗan yayata, dawa ce kawai da ruwa. Allahnku ya hana dawa ne?"

Na duba gabas, na duba yamma, babu ɗan ikilisiyarmu ko ɗaya. Sama ce kawai ban duba ba. A hanyar gida na hura numfashi a tafin hannu na shinshina, na ji warin burkutu. Sai na laluba aljihu na sami guntun irin citta, na tauna har idona ya yi ruwa. Na shiga gida, mamanku Rifkatu ta kawo tuwo, ba ta ce komai ba. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Daga nan sai na zama mutumin da ya fi kowa damuwa da farashin taki. Kowace ranar kasuwar Samaru in hau keke in ce zan je in duba yadda taki yake. Takin nan a gidan Mama Kande yake, wata mai dafa burkutu a bayan kasuwa, mace mai jiki, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Ba na shiga ta ƙofar da kowa yake shiga. Akwai wata 'yar hanya ta bayan ɗakin aladunta, nan nake jingine keke in lallaɓa in zauna a rumfar da take sanyaya tukwane. Tunda ba zan sha da sauran mutane ba, sai ta ware mini ƙoƙo nawa ni kaɗai, wanda bakinsa ya tsage aka ɗinke da zaren buhu, tana rataye shi a ƙusa. Takan ce,

"Dattijo, sannu da aikin Allah. Yau ma taki ya yi tsada?"

In ce ya yi tsada ƙwarai, mu yi dariya. In na gama in tauna citta, in hau keke. A haka mutane suka ga kullum kumatuna a kumbure da citta, na ce musu maganin sanyin ƙirji ne. Har wasu tsofaffi suka fara taunawa suna yi mini godiya.

Yanzu ku saurara, domin nan ne abin da nake so ku riƙe. Ban taɓa faɗuwa a hanya ba, ban taɓa zagin kowa ba, ban ɗaga wa mamanku hannu ba. Saboda haka na ɗauka ba abin da na rasa. Amma a hankali na fara tsayawa nesa da mutane. Idan aka kira ni wurin mara lafiya, ba na ƙara durƙusawa kusa da kansa, don kada ya ji warin bakina. Sai in tsaya a bakin ƙofa in ɗaga murya. Addu'ata ta ƙara tsawo, ta ƙara ƙarfi, mutane suna cewa Baba Yohanna ya ƙara samun Ruhu, alhali ni na san magana ce take fita ta bugi kwano ta dawo. Idan Fasto ya fara wa'azi a kan abin ɓoye, sai in ji igiyar akuyata ta kwance a gida, dole in je in duba. Idan dattawa suka zauna a kan wani da ya yi laifi, ni ne na fi kowa zafi, don kada a dube ni. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, in karɓi gurasa tare da jama'a, in haɗiye kamar tsakuwa. Ba wanda ya kore ni daga gaban Allah. Ni na riƙa ja da baya da kaɗan-kaɗan, ina buga ƙararrawa ina kiran wasu su zo inda ni ba na zuwa.

Ana cikin haka Ishaku ya dawo daga Kafanchan, inda ya je koyon gyaran babur. Yaron da yake rera waƙa a gaba tun yana ƙarami, ya daina shiga coci. Ya fara dawowa gida idonsa ja, yana tafiya kamar mai auna ƙasa. Shi bai ma damu da citta ba. Mamanku ta tare ni a gindin rumbu.

"Baban Ishaku, yaron nan yana sha. Ka yi masa magana."

"Zan yi."

"Yaushe?"

"Ina neman lokacin da ya dace."

Na kira shi kuwa, ba sau ɗaya ba. In zaunar da shi, in gyara murya, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa ko tayar kekena za ta ƙara kai wata guda. Da safe wurin addu'ar iyali in yi wa gwamnati addu'a, in yi wa masu tafiya a hanya, in yi wa marayu da gwauraye da mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba, amma in na zo kan ɗana da yake durƙushe a gabana, harshena ya yi nauyi, in ce amin. Ni da ake kira daga wani ƙauye in je in yi addu'a, na kasa ambaton sunan ɗan cikina a gaban Allah. Ina kallonsa yana gangarawa, hannuna a ɗaure, kuma ni na ɗaure shi.

Wata ranar kasuwa, ana gab da tonon citta, na ce yau ba zan je duba taki ba. Da rana wata mata ta dawo daga Samaru ta shigo gida ta yi wa mamanku raɗa. Mamanku ta fito ta same ni ina wasa fartanya.

"Ishaku yana gidan wata Mama Kande a bayan kasuwa tun safe. Ka je ka ɗauko shi."

"Ina ne kuma gidan Mama Kande?" in ji ni. Allah ya gafarta mini.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ka tambaya, za a nuna maka."

Na ce tayar keke ba iska. Na ce dattijon ikilisiya bai kamata a gan shi a irin wannan wuri ba. Ba ta yi gardama ba, ta shiga ɗaki ta ɗaura ɗankwali ta ce to ita za ta je. Nan take taya ta sami iska.

Ranar na fara shiga gidan nan ta ƙofar gaba. Mutane cike a kan bencuna, hayaniya, warin tsami da hayaƙi. Da suka gan ni wuri ya yi tsit, wasu suna ɓoye ƙwarya a bayan ƙafa. Na haɗa gira na yi fuskar dattijo. A hanya na shirya abin da zan faɗa, har da aya. Na hango Ishaku a kusurwa, na nufe shi, na ɗaga yatsa. Sai idona ya sauka kan abin da yake hannunsa. Ƙoƙo ne mai tsagaggen baki, ɗinkin zaren buhu. Mama Kande ta fito daga wajen tukwane tana share hannu a zani, ta ce da muryar da kowa zai ji,

"A'a, Dattijo, yau ta gaba? Kada ka damu, yaron na gida ne. Ƙoƙon babansa na ba shi."

Wani ya yi tari, wani ya kasa riƙe dariya. Yatsana yana sama, na rasa yadda zan sauke shi. Ayar da na riƙo tun daga gida ta gudu ta bar ni. Ishaku bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali, ya tashi ya fita, na bi bayansa kamar ni aka zo ɗauka.

Ba mu hau keken ba, na tura shi muna tafiya a ƙasa. Mun wuce gonaki da yawa. Sai da muka kai gadar katako ya yi magana, bai dube ni ba.

"Baba, tun bara na sani. Na ga kekenka a bayan ɗakin aladu, na leƙa."

Na riƙa tura keken, shi kuma ya ci gaba.

"Washegari Lahadi na ji kana buga ƙararrawa. Kai ne mutumin da na fi yarda da shi a cocin nan. Na ce in kai ma haka ne, ashe duk wasa ake yi, kowa yana da nasa ɗakin aladu. To ni ba zan iya wasan ba. Gara in sha ta ƙofar gaba."

'Ya'yana, an taɓa marina, an taɓa zagina, saniya ta taɓa takata, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Ina ta tsoron kada a kama ni in ji kunya, ban san an riga an kama ni ba, kuma wanda ya kama ni shi yake biyan abin. Ba burkutu kaɗai na koya wa yaron ba. Na koya masa cewa Allah abin wasa ne.

Da muka isa gida Ishaku ya shige ɗaki. Na zauna kan turmi na gaya wa mamanku komai, tun daga gonar kawu. Tana tsintar wake a faifai, ba ta daina ba. Da na gama na ce,

"Maman Ishaku, ba ki yi mamaki ba?"

"Wa yake wanke rigunanka?" in ji ta. "Citta ba ta kashe wari, yaji take ƙara masa. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka. Na yi ta roƙon Allah ya kama ka da hannu mai taushi. Ban san yaron ya gani ba. Da na sani, da ban jira ba."

Nan ta ajiye faifan ta yi kuka, kuma ba don ni ba.

Washegari na je wurin Fasto, saurayi ne a lokacin, sa'an ƙanena. Ya ce tunda ni na kawo kaina, dattawa za su iya jin maganar a ɗaki, in ajiye aiki na ɗan lokaci a ce ina hutawa. Na ji daɗin wannan shawara ƙwarai, har na fara godiya. Sai na gane wata hanyar bayan ɗakin aladu ce aka sake buɗe mini. Na ce a'a, yaron ya ji ƙararrawata a fili, bari ya ji wannan ma a fili. Ranar Lahadi bayan wa'azi na miƙe a gaban jama'a. Ni mai doguwar addu'a, abin da na faɗa bai kai tsawon gaisuwa ba. Na ce na karya alkawarin baftismata, na yi ta sha a ɓoye, na yi musu ƙarya da citta, na karɓi Jibi da baki biyu, na zama sanadin tuntuɓen ɗana. Wata tsohuwa da take tauna citta saboda shawarata ta tofar da ita a hannu. Ishaku bai zo ba ranar.

Aka sa ni a horo. Ga ku da ba ku san yadda ake yi a lokacin ba: ka sauka daga kujerar dattawa, ba Jibi, ba addu'a a gaban jama'a, ka zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa inda kowa zai wuce ka in zai shiga. Aka karɓi sandar ƙarfen da nake buga ƙararrawa da ita aka ba wani. Lahadi ta farko na tarar da Ayuba a bencin, mutumin da ni da kaina na dage sai an hore shi saboda faɗa a kan iyakar gona. Ya matsa mini.

"Dattijo, sannu da zuwa. Kada ka zauna can, kwano yana yoyo. Nan ya fi."

Na zauna. Kunya kam na sha ta. Wasu da muke cin tuwo tare suka fara gaishe ni daga nesa. Mamanku ta sha kallo a zumuntar mata, ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Ranar kasuwa kuma ƙafafuna su riƙa ƙaiƙayi, sai in ba ta keken ta kulle a ɗakinta. Amma ga abin da ban zata ba. A bencin nan, a ƙarƙashin kwano mai yoyo, addu'a ta dawo mini. Ba doguwar nan ba. Abin da nake iya cewa kawai shi ne, Uba, ga ni, ga Ishaku. Sunan ya fito ba nauyi. Na fi jin Allah kusa a bencin baya fiye da duk shekarar da na yi a kujerar gaba ina tauna citta.

Ishaku bai daina sha don na tuba ba, kada in yi muku ƙarya. Aka tone citta, aka tsaga, aka shanya, aka yi Kirsimeti, yana nan yadda yake. Ban yi masa wa'azi ba, ba ni da bakin yi. Abinci kawai nake cewa a ajiye masa, in ya fita in ce Allah ya kiyaye. Sai wata Lahadi, an riga an fara waƙa, na ji benci ya motsa. Ban juya ba, na san tarinsa. Ya zauna tsakanina da Ayuba, shi da ba wanda ya sa shi a horo. Da aka tashi ya ce,

"Baba, har yaushe za su bar ka a nan?"

"Sai dattawa sun ga dama."

"To zan riƙa taya ka zama."

Ya taya ni kuwa. Ya faɗi bayan haka, ya tashi, ya sake faɗuwa, amma kowane karo yana zuwa ya gaya mini da bakinsa, mu durƙusa tare, kaina kusa da nasa, ba na tsoron numfashina. Yau kun san shi, kun san shagonsa a Kafanchan, kun ji shi yana jan waƙa a gaban coci. Ni an karɓe ni a Jibi kafin damina ta sake kamawa. Kujerar dattawa ban koma ba, an yi mini tayi na ce a ba masu ƙarfi. Ƙararrawa kuma, kafin a tuna da ni an sayi lasifika. Ban yi asarar komai ba in aka kwatanta da abin da aka mayar mini, kuma kullum ina gode wa Allah da bai bar ni na mutu da citta a baki ana yabona ba.

Mama Kande na daɗe ina jin haushinta. Ko bayan na tuba, in na tuna muryarta a gaban mutanen nan sai in ji zafi, in ce me zai hana ta ja ni gefe. Shekaru suka wuce ban bi ta bayan kasuwa ba. Sai bayan rasuwar mamanku, na je Samaru sayen taki, takin gaske wannan karon, na ji an ce "Dattijo." Ita ce, ta tsufa, ta rame, ta bar dafa burkutu, tana zaune da tiren daddawa. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya, ta tambayi Ishaku. Na gaya mata yana lafiya, da mata da 'ya'ya. Ta gyaɗa kai tana kore ƙuda. Na ce, cikin wasa amma da ɗan abin da ya rage a raina,

"Mama Kande, kin tona mini asiri ranar nan."

Ta dube ni, ba ta yi dariyar nan tata ba.

"Ƙoƙo nawa ne a gidana, Dattijo? Kana tsammani ban san wanda na ciro daga ƙusa ba? Na ga yaron yana zuwa, na ga idonsa. Ni ma na haifa."

Sai wata mata ta zo sayen daddawa, ta juya wurinta. Na tsaya kaɗan riƙe da keke, sannan na tura shi na tafi.